Tun da Umma ta rasu, kullum dare sai na buɗe akwatinta

Assalamu alaikum Anti. Ni mace ce mai shekara 43, ina da aure da 'ya'ya uku. Wata 16 ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, mahaifinmu kuwa ya daɗe da riganta. Bayan rasuwarta muka kwashe kayan gidan da muka tashi a cikinsa, aka sayar da shi. Abin da na ɗauko akwati ɗaya ne: tsofaffin hotuna, wasiƙun da ta rubuto mini ina makarantar kwana, wani ɗan littafi da take rubuta lissafinta da abubuwan da ba ta son mantawa, sai mayafinta wanda har yau ƙamshinta bai gama barinsa ba. A wayata kuma akwai saƙonnin muryarta guda 11.

Kusan kullum in kowa ya kwanta sai in buɗe akwatin nan. In karanta wasiƙa, in shinshina mayafin, in saurari muryarta. Sai in ga kaina ina yarinya a tsakar gidanmu, ina jin hirarrakinmu da dariyarmu kamar jiya aka yi. Ina kuka, amma in na gama sai in ji zuciyata ta yi sanyi. Wani lokaci har ƙarfe ɗayan dare ban kwanta ba. Da rana ma ko wace hira ake yi, sai in ji bakina ya koma "lokacin muna yara".

Maigidana ya yi haƙuri da ni sosai da farko. Amma a watan jiya ya same ni a gaban akwatin, ya tsaya ya kalle ni, ya ce, "Kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba." Ya juya ya fita. Tun daga wannan ranar, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Babbar 'yata mai shekara 15 ita ma ta ce mini, "Mama, kullum labarin da, labarin da." Yayata da ta girme ni da shekara shida ta ce yarintar da nake ba da labari ba ita ta sani ba. Ita abin da take tunawa shi ne rashi, da zafin halin Baba, da hawayen Umma. Ta ce ƙawata abin nake yi, in rabar da kayan in huta.

Anti, ciwo ne ya kama ni? Ko zuciyata ce take yi mini ƙarya game da yarintata? In rabu da akwatin kamar yadda Yaya ta ce? Ba na son in rasa mijina, kuma ba na son in sake rasa Umma.

Daga wata 'yar'uwa (an sakaya sunanta)

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Umma da Baba, ya ba ku haƙurin rashinsu. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma duk lokacin da na kai jimlar ƙarshe sai na tsaya. Kin ce ba kya son ki sake rasa Umma. Bari in fara kwantar miki da hankali a kan wannan: kada ki rabar da akwatin, kada ki goge saƙon murya ko ɗaya. Babu wani abu a cikin abin da kika rubuto da ya wajabta hakan. Akwai dai abin da ya dame ni a wasiƙar, shi ne lokacin da kike buɗe akwatin da kuma yadda kike buɗe shi ke kaɗai bayan kowa ya yi barci. Za mu zo kansa.

Kin tambaya ko ciwo ne. Tambayar nan tsohuwa ce, likitoci sun riga ki yin ta. A shekarar 1688 wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer, a jami'ar Basel ta ƙasar Suwizalan, ya rubuta kundinsa a kan mutanen da suka yi nisa da gida kewa ta kwantar da su, ba ci ba barci. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya tana nufin komawa gida, ɗaya tana nufin raɗaɗi, ya raɗa wa abin suna nostalgia. An daɗe ana kallonsa a matsayin cuta, musamman a tsakanin sojojin haya 'yan Suwizalan da ke aiki a ƙasashen waje, kuma babban maganin da aka sani shi ne a mai da mutum gida. Da na tuna wannan sai na ƙara tausaya miki, domin ke gidan da za a mai da ki an sayar da shi, wadda za ta tarbe ki a ƙofa kuma ta tafi. A cikin ɗan lokaci kin rasa uwa, kin rasa wurin da kika san kanki a ciki. Akwatin nan shi ne abin da ya rage miki na gidan. Mene ne abin mamaki don kina komawa cikinsa?

Sai dai ilimi ya canza ra'ayi tun daga zamanin Hofer. Wasu masana halayyar ɗan Adam a jami'ar Southampton ta Ingila, Tim Wildschut da Constantine Sedikides da abokan aikinsu, sun wallafa bincike a 2006 inda suka sa mutane su rubuta abubuwan da suke tunawa cikin bege. Abin da suka samu ya yi kama da wasiƙarki ƙwarai. Yawancin labaran na mutum ne a tsakiyar waɗanda yake ƙauna. Akwai ɗaci a ciki, amma zaƙin ya fi yawa. Abin da ya fi tayar da irin wannan tunani shi ne ƙuncin rai, musamman kaɗaici. Kuma bayan mutum ya yi wannan waiwaye, yakan ji cewa shi abin so ne, yana da mutane, yana da daraja. Wato zuciya in ta ji sanyin kaɗaici, sai ta koma inda aka taɓa sonta ta ɗebo ɗumi. Abin da kika kwatanta ke nan da kika ce in kin gama kuka sai ki ji zuciyarki ta yi sanyi. Wannan alama ce mai kyau, ki riƙe ta.

Mayafin ma akwai dalilin da ya sa yake ɗaukar ki ya kai ki tsakar gidanku nan take. Hanyar da ƙamshi ke bi a cikin ƙwaƙwalwa tana manne da sassan da ke kula da shauƙi da ajiye abubuwan da suka wuce, shi ya sa ƙamshi guda kan buɗe abin da hotuna ɗari ba su buɗe ba. Shekarunki ma suna da hannu. An daɗe da lura cewa mutanen da suka haura 40, in aka ce su tuno rayuwarsu, abubuwan da suka faru tsakanin shekara 10 zuwa 30 su suka fi zuwa musu. Wasiƙun makarantar kwanan nan daga tsakiyar wannan lokaci suka fito.

To amma tuna baya iri biyu ne, kuma daga waje kamarsu ɗaya, domin duka za a ga mutum zaune shiru hawaye na zuba. Akwai wanda mutum ke shiga ya zauna da masoyansa na ɗan lokaci, ya fito da ƙarfin fuskantar gobe. Akwai kuma saƙa da warwara, inda tunani ke zagaye wuri ɗaya: da na sani na fi ziyartarta, da ma ban yarda an sayar da gidan ba, me ya sa ban ɗauki wayarta ran nan ba. Wata masaniya Ba'amurkiya, Susan Nolen-Hoeksema, ta shafe shekaru tana nazarin wannan na biyun, ta nuna cewa yana tsawaita baƙin ciki, yana kuma share wa ciwon damuwa hanya. Hanyar da za ki gane wanne kike yi mai sauƙi ce. Duk ranar da kika rufe akwatin, ki tambayi kanki: yanzu ina jin son in leƙa ɗakin yarana, in rufa wa wanda ya yaye bargo, ko kuwa ina jin kowa da komai na gidan nan ya ishe ni? In na farkon ne, waiwayenki adon tafiya ne. In na biyun ya fara yawa, to akwatin ya fara karɓa fiye da yadda yake bayarwa. A wasiƙarki ban ga "da na sani" ko ɗaya ba, wannan ya faranta mini rai. Amma na ga ƙarfe ɗayan dare, na ga miji da ya koma gaisuwa kawai, don haka ba zan ce miki komai lafiya lau ba.

Bari mu zo kan Yaya, domin na lura maganarta ce ta fi girgiza ki. Ba ta tsaya ga cewa kin cika kuka ba, ta taɓa tushen abin: ta ce abin da kike tunawa bai faru haka ba.

Gaskiyar magana, ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta ajiye rayuwa yadda na'urar ɗaukar hoto ke yi. Tun a 1932 wani masani a jami'ar Cambridge, Frederic Bartlett, ya nuna hakan. Ya ba mutane labari su karanta, ya riƙa sa su maimaita shi bayan wani lokaci, sai ya ga duk maimaitawa labarin yana gajarcewa, yana sauya kama, yana komawa daidai da abin da mai ba da shi ya saba da shi. Duk lokacin da muka tuno abu, sake gina shi muke yi. An kuma gano cewa a wurin yawancin mutane zafin abin baƙin ciki yana saurin dusashewa fiye da daɗin abin farin ciki. Saboda haka, e, mai yiwuwa ne yarintarki ta fi haske a zuciyarki yau fiye da yadda take a lokacin. Haka take ga kowa, har da ni da nake rubuta miki. Amma ita ma Yaya ba hoto ta ɗauka ba. Tata ƙwaƙwalwar ta zaɓi abin da ta riƙe, kamar yadda taki ta zaɓa.

Ki yi tunanin shekara shidan nan da ke tsakaninku. Lokacin da kike da shekara bakwai kina wasa a tsakar gida, ita tana da 13. Ta kai shekarun gane sautin muryar Baba in ransa ya ɓaci, ta kai shekarun lura da jan idon Umma da safe, wataƙila ma ita Umma ke kira ta kama mata aiki ko ta janye ƙanana zuwa wani ɗaki. Iyayen da suka rene ta sabbin iyaye ne masu fama, ke kuma kin same su sun ɗan ƙara gogewa. Gida ɗaya kuka tashi amma ba yarinta ɗaya kuka yi ba. Ga kuma abin da nake so ki zauna da shi sosai: in har akwai rashi da hawaye kamar yadda Yaya ta faɗa, ke kuma abin da kika tashi da shi dariya ce da hira, to wani ne ya tsaya tsakaninki da wahalar nan. Umma ce ta share fuskarta kafin ta juyo gare ki. Kuma ina kyautata zaton Yaya ma tana cikin masu tare miki. Daɗin da kika ji na gaske ne, an yi aiki ne kafin ki same shi. Labarin Yaya bai rushe naki ba, ya nuna miki abin da aka biya ne.

In haka ne, kina iya gane dalilin da ya sa labaranki suke mata ciwo. Tana jin kina yabon zamanin da ita ta ɗauki nauyinsa, ba tare da an ambaci nauyin ba. Don haka ki daina ƙoƙarin shawo kanta, kada ku yi gardamar wa ya fi tunawa daidai. Ki same ta wata rana da hankalinta ke kwance, ki ce mata, "Yaya, na yi tunanin maganarki. Ni ƙarama ce lokacin, akwai abubuwa da yawa da ban gani ba. Ki ba ni labarin Umma yadda kika san ta." Sannan ki yi shiru ki saurara, ko da abin da za ta faɗa zai yi miki nauyi, ko da ya taɓa Baba. In ta ce ba ta son buɗe wannan shafi, ki ƙyale ta. Akwai masu jimamin da tunawa ke sanyaya musu rai, akwai waɗanda sai sun kawar da kai suke iya numfashi, kuma babu wanda ya fi wani son mamacin. Shawararta ta ki rabar da kayan, maganin da ya yi mata aiki ne ta miƙo miki da kyakkyawar niyya. Ki gode mata, ki ce ke naki maganin daban ne.

Yanzu maigida. Ba zan ɓoye miki ba, bai kyauta ba da ya jefa miki karin magana kina tsakiyar kuka ya juya ya fita. Mai jimamin uwa ba a yi masa haka. Amma ina so ki sake sauraren karin maganar da ya zaɓa. Bai ce kin yi sakaci da gida ba, bai ce ki daina kuka ba. Cewa ya yi wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To shi waye a cikin wannan magana? Shi ne bana. Mutumin nan ya yi wata 15 yana juyawa cikin dare yana tarar da gefenki babu kowa. Da rana yana jin ki kina cewa lokacin kuna yara ya fi komai daɗi, lokacin da shi ba ya cikin rayuwarki. Ke kina cewa "ina kewar uwata", shi kuma kunnensa yana jin "duk shekarun da na yi da kai ba su kai waɗancan ba". Ina ganin tsoro ne ya yi magana da bakinsa ranar nan, tsoron cewa bai iya faranta miki ba. Maza da yawa in sun ga matarsu cikin ciwon da ba su da yadda za su gyara, sai rashin dabarar ya koma musu fushi ko shiru.

Karin maganar tasa tana da gaskiya a wani wuri, domin mun ga bincike ma ya nuna ƙunci ne ke tayar da bege. Inda ya kuskure shi ne sanin daga ina ƙuncin ya fito. Shi yana zaton daga aurenku ne, alhali daga kabarin Umma ne. Wannan kuskuren ke kaɗai za ki iya gyara shi, kuma da baki za ki gyara, domin ba zai karanta zuciyarki ba. Na san a ranki kina jin shi ya kamata ya fara ba da haƙuri. Wataƙila haka ne. Amma wata guda na shiru ya isa, shiru in ya daɗe a tsakanin ma'aurata saiwa yake yi. Ki zaɓi lokacin da yara ba sa kusa, ki ce masa wani abu kamar haka: "Maganar da ka faɗa mini ran nan ta yi mini zafi, kuma na daɗe ina juya ta. Ina so ka sani ba don na rasa jin daɗi a gidanka nake buɗe akwatin nan ba. Uwata nake kewa. Na kuma gane na bar ka kai kaɗai dare da yawa, ka yi haƙuri." Ki faɗi zafin da kika ji, ki faɗi naki kuskuren, duka biyun a zama ɗaya. Daga nan ki ba shi dama ya yi magana ba tare da kin katse shi ba.

Sannan ki shigo da shi cikin akwatin. Shi ma ya san Umma, surukarsa ce ta shekaru masu yawa, akwai abin da ya gani a tare da ita wanda ke ba ki gani ba. Ki tambaye shi ranar da ya fara gaishe ta yaya ya ji, me ta taɓa faɗa masa da bai manta ba. Ki tambaye shi tasa yarintar, da waɗanda shi ma ya rasa. Ki nemo hotunanku na farkon aure, na ranar da kuka kawo 'yar fari gida, ku kalla tare. Shekarun da kuka yi tare su ma sun zama bara yanzu, suna da haƙƙin a tuna su da daɗi, kuma yana bukatar ya ji hakan daga bakinki. In ya kasance mutum ne da irin wannan hira ke masa wuya, kada ki matsa. Ko da abin da ya iya kawai shi ne ya zauna kusa da ke minti goma yana kallon hotuna bai ce komai ba, ki karɓa. In kuwa kin yi ƙoƙari sau biyu sau uku ƙofar ta ƙi buɗuwa, ku nemi wani babba da ku duka kuke ganin girmansa kuma kuka amince da riƙon sirrinsa, ko mai ba ma'aurata shawara, ya zauna da ku.

'Yarki kuwa, kada maganarta ta tsaya miki a rai, shekarunta ne na kallon gaba. Amma ki bincika yadda labaran suke fitowa daga bakinki. In suna ƙarewa da "mu a lokacinmu ba ma haka", to faɗa ne ya sa rigar labari, kuma yara suna gane shi tun daga nesa. Labarin dangi na gaskiya yana da amfani a gare su. Masana biyu a jami'ar Emory ta Amurka, Marshall Duke da Robyn Fivush, sun tsara tambayoyi 20 suka yi wa yara, irin su ko sun san inda kakanninsu suka tashi, ko sun san yadda iyayensu suka haɗu, ko sun san wata jarrabawa da ta taɓa samun danginsu. Yaran da suka fi sanin amsoshin sun fi yarda da kansu. Duke ya kuma yi nuni da cewa labarin da ya fi gina yaro shi ne mai hawa da sauka: mun samu, mun rasa, mun sha wuya, mun tsaya tare. Kin ga ke nan 'yarki tana bukatar labarinki da na Yaya a haɗe. Ki kuma tuna ita ma ta rasa kakarta, kuma mai yiwuwa babu wanda ya tambaye ta me take tunawa. Ki tambaye ta. Sannan ki ba ta aiki: ta ɗauki hotunan da wasiƙun ɗaya bayan ɗaya da waya ta adana su, ke kuma kina gaya mata sunan kowa tana rubutawa. Za ki ga in ita ce ke tambaya "wannan wace ce?", labarin da ya gundure ta jiya zai zama abin da take nema.

Game da akwatin kansa, abin da nake so ki canza shi ne lokaci. Ki fito da shi daga tsakar dare ki kawo shi rana. Ki ware masa lokaci sananne, sau biyu a mako misali, minti 30 ko awa ɗaya, inda kowa a gidan ya san wannan lokacinki ne da Umma, wanda ya so ya zo ya zauna. Ki ajiye shi a wani wuri da ba ɗakin barcinku ba, yadda sai kin yi niyya za ki kai gare shi. In kewa ta taso miki cikin dare, ki yi mata addu'a, ki rubuta abin da kika tuno a layi biyu, ki ce wa zuciyarki gobe za mu zauna a kansa. Makon farko zai yi wuya, in kin karya wata rana kada ki zargi kanki, ki ci gaba washegari. Kada kuma ki ji kamar cin amanar Umma ne in kika wuni kina dariya da yaranki ba ki tuna ta ba. Masana biyu daga Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana a 1999 cewa jimami mai lafiya kai-komo yake yi: wani lokaci mutum ya fuskanci rashin, wani lokaci ya huta da shi ya kama hidimar rayuwa. Hutun yana cikin warakar.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonki ki yi yau, kada ki bari sai gobe. Ki kwafi saƙonnin muryar nan 11 zuwa wurare biyu aƙalla, kwamfuta da kuma ma'ajiyar intanet, ki kuma tura wa wani ɗan'uwa da kika amince da shi. Ina faɗa miki ne da ciwon abin a raina. Ina da saƙon mahaifina guda ɗaya, gaisuwa ce ta 'yan daƙiƙoƙi, na yi ta cewa zan adana shi, har wayar ta lalace ya tafi. Har yau ina iya tuno kalmomin, amma sautin yana ƙara yi mini nisa. Mayafin kuma ki naɗe shi a cikin jaka mai rufewa sosai, domin iska tana cinye ƙamshi, kuma ki shirya wa ranar da zai ƙare, domin zai ƙare. Tun kafin ranar, ki sami littafi ki fara rubuta Umma: yadda take kiran sunanki, kalmomin da ta fi maimaitawa, yadda take dariya, abin da take yi in ranta ya ɓaci. Ki bar wa Yaya shafuka a ciki ko da ba za ta cike su yanzu ba.

Ba zan rufe ba tare da na gaya miki inda shawarata ta tsaya aikin likita ya fara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta amince da cewa akwai jimamin da ke zarce ƙa'ida: kewa mai tsanani da ta wuce wata shida, ta zarce abin da aka saba gani a al'ummar mutum, har ta hana shi gudanar da rayuwarsa. Ba yawan watannin kaɗai ake dubawa ba, ana duba ɓarnar da yake yi. In kin gwada abin da na faɗa na wata ɗaya ko biyu kin ga ba ki iya rage daren ba, ko barci da cin abinci sun lalace, ko abubuwan da kike jin daɗinsu a da sun daina yi miki daɗi kusan kullum har tsawon mako biyu ko fiye, ki je ki ga likita ko masanin lafiyar ƙwaƙwalwa. Abu ne da ake magancewa, kuma zuwa ba gazawa ba ne. In kuwa tunanin ki cutar da kanki ko ki bi Umma ya taɓa gifta miki, kada ki jira ko kwana ɗaya, ki faɗa wa maigida ko Yaya a take, ku tafi asibiti tare.

Ki fara da saƙonnin muryar yau, maganar maigida kuma kada ta wuce makon nan. Ta Yaya tana iya jira har ki ji kin shirya jin abin da za ta faɗa. Ki sake rubuto mini bayan kun zauna da shi, ina son in ji me ya ce da kika tambaye shi ranar da ya fara gaishe da Umma. Allah ya sanyaya miki, ƙanwata, ya daidaita tsakaninku.